Mutumin da Muka Kasa Yafe wa Alherinsa

Lokacin da aka yi mini canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Abuja, farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuɗin mai kuwa ya fara malala kamar an fasa randa. Na sauka a Eriya Wan da jaka ɗaya da takardar kama aiki, ban san kowa a garin ba. Ma'aikatarmu a Garki take. Da na je sashen gidaje, wani mai tumbi ya karanta takardata yana sakace haƙori, ya ce in rubuta sunana in jira. Kwana uku na yi a masallacin ma'aikata, ina wanka a banɗakin ofis kafin masu shara su iso.

Rana ta huɗu, bayan azahar, ina ɗaure takalmi sai wani mutum ya tsaya a kaina. Dogo ne siriri, ya ba arba'in baya, kaftaninsa a goge amma wuyan ya soma cinyewa. Shi ne shugaban rajista, ɗakin da ake ajiye fayil-fayil na ma'aikatar duka.

"Tun Litinin nake ganin jakar nan a bayan ƙofa," in ji shi. "Taka ce?"

Na ce tawa ce.

"To in an tashi ɗauko ta mu je gida."

Gidan nasa na gwamnati ne, ɗaki biyu da falo, a hawa na biyu a Eriya Tu. Yana da mata, malamar firamare, da 'ya'ya mata biyu. Ya mayar da yaran ɗakin uwarsu, ya ba ni nasu, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a falo. Wata biyar na yi a gidan. Ko gishiri ban taɓa saya ba, don duk ranar da na shigo da leda sai ya ce in daina, aure na gabana.

Zan faɗi gaskiya tunda ba mai kama ni yanzu. Godiyata mako ɗaya ta yi. A mako na biyu na fara neman ƙugiyar da ke cikin naman, don an rene mu a kan cewa ruwa ba ya tsami banza. Na ɗauka ko yana da ƙanwar da ta rasa miji. Da ƙanwa ba ta bayyana ba, na ce to saboda an tura ni sashen kwangila ne, wata rana zai zo da takarda ya ce in sa hannu. Na sayo ƙaramin kwaɗo a kasuwar Wuse na kulle jakata, a gidan mutumin da ya bar mini ɗakin 'ya'yansa. Takardar ba ta zo ba. Da na samu ɗaki a Kubwa zan tashi, na sayo masa shadda mai tsada don in sauke nauyi in huta. Ya karɓa, ya yi ta sa albarka. Ranar da aka koma aiki bayan Sallah na ga shaddar a jikin maigadin ƙofar ma'aikata. Na yi kusan wata ina gaishe shi sama-sama.

Duk wanda ya yi aiki a Abuja a shekarun nan ya san yadda suke. Taron bita a otal kowane mako, a ci kaza, a karɓi jaka da ambulan, a watse ba a bita komai ba. Wanda jiya yake hawa bas daga Nyanya yau ya faka mota 'yar Kwatano yana kewaya ta da tsumma. Wayar salula ta shigo, sai ka ga mutum ɗaya ya jera guda uku a kan tebur kamar mai talla. Hirar kowa fuloti: wa ya samu a ina, wa ya sayar. Masu sahun gaba a masallaci da masu zuwa coci da ƙaton littafi, a nan dai addininsu ɗaya. Ni ma ban tsaya kallo ba. Cikin shekara biyu na koyi inda ake tsayawa in ana rabo.

Shi kuwa yana nan a rajista cikin warin tsohuwar takarda. Sunansa ya taɓa fitowa a jerin masu zuwa kwas ƙasar waje, abin da mutane ke yanka rago a kansa. Ya hau bene ya roƙi Daraktanmu a sa sunan wata mata da ke ƙarƙashinsa, 'yar Kudu, wadda ta tsufa a kan keken rubutu ba ta taɓa shiga jirgi ba. Aka sa. Ta je ta dawo, ta kawo wa Darakta agogo da turare, shi kuma ta kawo masa biro.

Akwai wata bishiyar mangwaro a bayan ma'aikatar inda ake sayar da shinkafa da wake. Nan muke cin abincin rana, nan kuma muka buɗe masa kotu. Wani ya ce ɗan leƙen asiri ne, masu kama ɓarayin gwamnati ne suka dasa shi. Wani ya rantse yana da gidajen haya a garinsu da sunan ƙanensa. Ustazun ofishinmu, mai ɗangalallen wando da fuloti huɗu, ya ce riya ce, riya kuwa ƙaramar shirka ce, ya jawo mana Larabci ya kora da lemo. Wani akawu Bayarabe ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce, "Oga rajista, kai nata ba daidai." Muka yi ta dariya. Abu guda ne ba wanda ya taɓa kawowa: cewa mutumin haka Allah ya yi shi. Wannan ba ya haɗiyuwa, don in haka yake, to mu fa?

Muka laƙaba masa Waliyyi, da irin muryar da ake kiran matsoraci Zaki. Raini dai bai hana mu mora ba. Aikin Asabar ya taso, a kai wa Waliyyi. Direba ya yanke jiki ya faɗi a haraba, a kira Waliyyi ya kai shi asibiti. An yi rasuwa ana neman mai raka gawa Gombe, Waliyyi. Har masu aikensa kasuwa akwai, alhali ya fi su mataki. Bai taɓa cewa a'a ba, kuma abin da ya fi ƙona mana rai, bai taɓa yin fuskar mai alheri ba. Da ya ɗan yi gori, ko ya ɗan ja aji, da mun samu inda za mu riƙe shi.

Ana nan sai matar Darakta ta haihu, jini ya ɓalle mata. Da hantsi aka bugo waya ofis ana neman jini, irin nata kuma ba kowa ke da shi ba. Ranar na ga ikon Allah, don manyan da ke cin arzikin Darakta duk suka kamu da ciwo lokaci guda. Wannan taifot, wancan hawan jini, wani kuma ya tuna ana jiransa a majalisa. Ni na ce ban san rukunin jinina ba, alhali yana rubuce a jikin lasisin tuƙina. Shugaban rajista ya rufe fayil ɗin da ke gabansa, ya tari koriyar tasi ya tafi. Jininsa ya dace. Kafin la'asar ya dawo da auduga manne a hannu, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Matar ta rayu.

Bayan suna Darakta ya aika masa da rago da buhun shinkafa, masu shara suka raba. Sai Darakta ya kira shi ofis. Ina ciki a lokacin, na kai takardu. Ya turo masa ambulan a kan tebur, takardar fuloti ce a wata sabuwar unguwa da ake yankawa.

"Malam, ka yi mini abin da 'yan'uwana ba su yi ba. Karɓi wannan."

"Ranka ya daɗe, jini ai ba nawa ba ne, ajiya ce. Allah ya raya jaririya. In dai kyauta ce, akwai dattijon nan masinjanmu, ya kusa ritaya, ba shi da inda zai sa kansa. A rubuta sunansa."

Fuskar Darakta ta canza kamar an watsa masa ruwan wanki. Ya ja ambulan ɗinsa ya jefa a durowa, ya ce zai duba. Masinja bai ga fuloti ba. Daga ranar kuma Darakta bai ƙara haɗa ido da shugaban rajista ba. In ya hango shi a matakala sai ya ɗaga waya ya kara a kunne. Wanda ya cuce ka ana iya yafe masa. Wanda jininsa ke yawo a jikin matarka kuma ya ƙi tukwici, wannan ba ya yafuwa. Da kunnena na ji shi yana ce wa mataimakinsa, "Wannan so yake ya nuna mana mu 'yan wuta ne."

A lokacin aka fara rusau, motoci suka shiga wani ɓangare na Durumi suka baje gidajen talakawa. Wata Asabar bayan la'asar na bi ta Eriya Tu, na ce bari in leƙa gidan Waliyyi, don na fi shekara rabona da gidan. Na tarar da falo cike da ƙullin kaya da tukwane, wata tsohuwa kwance a doguwar kujera, yara na rarrafe. Iyalin wani mai gyaran takalma ne da aka rushe wa ɗaki, maigidan ya kwaso su. Shi ba ya nan, ya raka wani neman haya. Matarsa tana baranda tana wanki, duk ta rame. Muka gaisa, na ce, "Malama, sannu da haƙuri, Allah zai ba da lada."

Ta matse rigar da ke hannunta ta dube ni.

"Lada? Kai da ka kwana wata biyar a ɗakin 'ya'yana, kai ma lada za ka ce mini?" Ta shanya rigar. "Duk Abuja kowa yana da rabo a jikin Malam, ban da ni da yaran nan. Babbar tana da jarrabawa, a kicin take karatu. Ba ya zagina, ba ya dukana, bai taɓa ɗaga mini murya ba. To da wanne zan kai ƙara? In je in ce wa babana mijina ya cika kirki?"

Na yi mata sallama na sauko. A cikinmu duka ita kaɗai ce take da haƙƙin jin haushinsa, don ita kaɗai abin yake ci. Da aka yi hutun ƙarshen shekara ta ɗauki yaran ta tafi Zariya wurin iyayenta, ta nemi koyarwa a can. Ba saki, ba faɗa, ba ta dai dawo ba. Mu kuwa a gindin mangwaro muka karɓi labarin da hannu biyu. "Kun gani ko? Mutumin da ya kasa riƙe gidansa." Mai faɗin haka yana da yarinyar da ya kama wa ɗaki a Wuse, kowa ya sani.

Fayil ne ya ƙare Waliyyi. Aka ce masu bincike za su zo duba wata kwangilar rijiyoyin burtsatse da ba a haƙa ba, sai fayil ɗinta ya ɓata. Littafin rajista ya nuna dattijon masinja ne ya fita da shi na ƙarshe. Kowa ya san inda ya kai shi, kowa kuma ya san a but ɗin motar wa ya bar ma'aikatar. Saura wata bakwai dattijon ya yi ritaya, in aka kore shi fanshonsa ya tafi ke nan. Aka kafa kwamiti, mataimakin Darakta ne shugaba, ni ne sakatare.

Dattijon ya zauna, hularsa a hannu. Kafin a tambaye shi komai shugaban rajista ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah ɗan aike ne. Daga ofishin Darakta aka bugo aka ce a kawo fayil, na ba shi ya kai. Can aka kai shi, kuma bai dawo ba. Ni ne ban bi na karɓi sa hannu ba. In akwai sakaci, nawa ne."

Mu bakwai ne a zaune, kowa ya sami abin dubawa a takardar gabansa. Shugaban kwamiti ya yi gyaran murya ya juyo gare ni.

"Sakatare, rubuta: jami'in ya amsa cewa sakacinsa ne."

"Yallaɓai, da maganar ofishin..."

"Rubuta abin da na ce maka."

Na rubuta. Ba a yi mini barazana ba, ba a ba ni komai ba. Ƙarin girma nake jira a shekarar, ga kuma gini na kai linta. Da hannuna na buga rahoton, na gyara Turancinsa ya yi kyau, rabin maganar mutumin kuwa na bar ta a ɗakin.

Lokacin ana rage ma'aikata, don haka ba a sha wahala ba, aka sa sunan shugaban rajista a jerin. Ana kuma cikin sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki. Takardunsa suka maƙale a wani tebur har wa'adi ya wuce, gidan ya faɗa hannun surukin wani babba. Ya koma ɗaki ɗaya a ɓangaren Durumi da rusau bai kai ba. Dattijon masinja ya yi ritaya da fanshonsa cif. Da aka ce ya je ya yi godiya, cewa ya yi, "Ni na roƙe shi? Shi ya tsoma kansa." Ban ga laifinsa sosai ba. A wurinmu ya koya.

Muka shirya masa walimar ban kwana, don mu mutane ne masu sanin ya kamata. Aka jera lemo da cincin da soyayyen nama a ɗakin taro. Darakta da kansa ya yi jawabi, ya ce alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, ya ce ma'aikata ta yi rashin uba, har muryarsa ta ɗan yi rawa. Ustaz ya ja doguwar addu'a. Aka miƙa masa agogon bango da lambar yabo ta katako, an ma yi kuskure a rubutun muƙaminsa. Muka tafa kamar za mu fasa hannu. Shi kuma ya tashi ya roƙi duk wanda ya ɓata wa a tsawon zama ya yafe masa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu hannu. Washegari ofis ya yi daɗi, ba ƙari nake yi ba. Mutane suka saki jiki, aka koma raba ambulan ƙofa a buɗe, kamar an fitar da mai azumi daga wurin cin abinci. Sai da aikin Asabar ya taso aka tuna da shi.

Bayan shekara shida ko bakwai na zama mataimakin darakta, da sakatariya da firij a ofis. Wata Talata ta shigo ta ce wani tsoho yana son ganina, wai ya taɓa aiki a nan. Na leƙa ta labule na gan shi a benci, ya yi furfura, da ambulan a cinya. Na ce ta gaya masa ina taro. Awa biyu na bar shi ina karanta jarida, ko zai gaji ya tafi. Bai tafi ba.

Da ya shigo ya rungume ni. "Ƙanena! Masha Allah, ka ga yadda Allah ya ɗaukaka ka." Na duba idonsa sosai ina neman ko ɗigon hassada, ban samu ba. Na ɗauka kansa ya zo nema wa wani abu, har na ji daɗi, na ce yau dai zan ga hannunsa a ƙasa. Ashe takardun 'yar maƙwabcinsa ne, marainiya, ta gama jami'a tana zaune ba aiki.

Na karɓa. Sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, rahoton nan na kwamiti ni na rubuta. Akwai abin da ka faɗa da ban sa ba."

"Na sani, ai an ba ni kwafi na karanta." Ya gyara zaman hularsa. "Lokacin kana da yara ƙanana. Da ka sa, da kai ma ka biyo ni. Gara ɗaya da biyu. Ya jikin Hajiyarmu? Na ji an ce ƙafa na damunta."

Shekaru ina ɗauke da maganar nan, ina jiran ranar da zai zage ni in samu sauƙi. Ko wannan ya hana ni. Wani haushi ya taso mini. Na ce ya bar mini takardun, na raka shi bakin ƙofa. Gurbin da ke akwai wani sanata ya riga ya aiko da sunan ɗan ƙanwarsa, ni kuma ban ga dalilin ɓatawa da sanata saboda marainiyar Durumi ba. Sau biyu ya bugo mini waya bayan nan. Na farko na ɗauka, jikin mahaifiyata kawai ya tambaya, bai ko ambaci takardun ba. Na biyu ban ɗauka ba.

Yana nan da ransa. Ya koma Zariya da matarsa ta kwanta ciwo, an ce shi ke jinyarta, yaran sun yi aure. Mu tsofaffin ma'aikatar yanzu muna da zaure a waya, galibinmu mun yi ritaya, muna aika wa juna wa'azi da hotunan jikoki. Kwanaki wani ya sa tsohon hoton Waliyyi, sai yabo ya ɓarke. Darakta, wanda yanzu yake da rawani a garinsu, ya rubuta cewa irinsa sun ƙare a duniya. Ustaz ya ce shi tun a wancan lokacin ya san mutumin na Allah ne. Wani ya kawo shawara mu haɗu mu je Zariya mu gaishe shi, tafiyar ba ta kai awa huɗu ba. Mutum sama da talatin suka amsa da in sha Allah, har da ni. Aka ce a sa rana bayan Sallah. An yi Sallah biyu tun daga nan.